Iskar Damina Ba Daga Gabas Take Zuwa Ba

Malam Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni malamin lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a a nan Potiskum. Ina da mata da yara uku, da keke ɗaya, da wani girman kai da ya fi ƙarfin albashina. Injiniyancin lantarki na karanta a jami'a, na kuma fita da sakamako mai kyau, irin wanda ko hirar farashin wake ake yi sai na san yadda na karkato da zancen ya biyo ta kansa. Sau biyu ina neman digiri na biyu abin yana watsewa, na farko saboda jinyar mahaifina, na biyu saboda lalacina, ko da yake abin da nake gaya wa mutane shi ne ba ni da uwa a gindin murhu. Ba zan kama sunan kowa ba. Wanda na cuta yana nan da ransa, yana kuma karanta Hausa fiye da ni, in wannan takarda ta faɗa hannunsa kafin ya kai ƙarshen shafin farko zai gane kansa.

Abokin aikina ne, malamin fiziks, kuma tare muka tashi a unguwar Hausari. Iyayensa mutanen Filato ne, Kiristoci, aikin gwamnati ya kawo mahaifinsa a matsayin malamin dabbobi tun kafin a haife mu. Na girme shi da shekara uku, don haka Yaya yake ce mini tun muna yara, bai kuma daina ba har muka yi gemu. Mahaifiyata ma Inna yake kiran ta kamar yadda muke kira. Hausarsa ta fi tawa daɗi, don ni har gobe in na yi fushi Karekaranci, yaren gidanmu, yakan leƙo, shi kuwa sai ya kwaikwaye ni a gaban malamai a yi ta dariya. In Kirsimeti ta zo ni ake kira in yanka musu kaji don mu ma mu ci, in Babbar Sallah ta zo Inna ba ta raba nama sai ta ware masa cinya. Ban taɓa jin nauyinsa a zuciyata ba duk shekarun nan, sai daga baya na gane dalili: a ko'ina ni ne a gaba. Ni na fi shi maki, ni na riga shi samun aiki, ni na riga shi aure. Son wanda yake bayanka ba shi da wuya.

Abin haushin shi ne ni na fara ganin tallar karatun. Wata jami'a ce a ƙasar Turai take neman ɗalibai daga irin ƙasashenmu, su yi digiri na biyu a fannin samar da lantarki daga iska, irin dogayen injunan nan masu farfela uku da ake gani a talabijin. Ta intanet ake karatun gaba ɗaya, kana gidanka kana aikinka, ka saurari darasi lokacin da ka samu sarari, har da tallafi ga wanda ya ci jarrabawarsu. Na karanta a shagon intanet na yi dariya har mai shagon ya waiwayo. Na sa aka buga mini takardar don kawai in kai ofishin malamai a yi nishaɗi. Na ɗaga ta na ce ga karatun iska ya shigo gari, wanda ya gama sai ya zama cikakken ɗan iska mai takardar shaida. Kowa ya dara, shi ma ya dara. Da aka tashi na bar takardar a kan tebur, ban ga lokacin da ya ninke ta ya sa a aljihu ba.

Bayan wata huɗu ya same ni a bakin ɗakin gwaji ya nuna mini saƙon da suka turo masa, sun ɗauke shi, sun kuma ba shi tallafin. Na rungume shi na yi masa murna da baki, amma murnar ba ta sauka ƙirji ba, ranar ko tuwo ban ci ba. A lokacin gari ya riga ya rikice. An hana hawa babur, shingen bincike a kowace kwana, in ka ji ƙara sai ka tsaya ka saurara ko taya ce ko abin nan ne, makarantu a buɗe yau a rufe gobe. Cikin wannan hali mutumin nan yake karatu. Da aka yanke layukan waya a jihar, duk Asabar sai ya shiga mota ya bi hanyar Azare, yana sauka yana ɗaga hannu a kowane shinge, har ya tsallaka inda ake samun sabis. Can zai zauna a gindin bishiya da kwamfuta a cinya, ya sauke darussan mako ya tura aikin da aka ba shi. Ni kuwa na laƙaba masa Injiniyan Iska, sunan ya bi shi har bakin ɗalibai, yana amsawa da fara'a. Ni kaɗai na san wasan ya daina zama wasa, don duk ranar da ya kawo mini wani lissafi da ya gagare shi na warware masa, sai in koma gida ina cewa a raina ai kujerata ce yake zaune a kai.

A shekara ta biyu aka ce kowa ya yi kundin bincike. Shi nasa a kan iskar Potiskum ne, ko tana da ƙarfin da za ta juya ƙaramin inji ya jawo wa masu lambu ruwa daga rijiya ba tare da fetur ba. Kafin a san haka sai an auna ta safe da yamma har shekara guda cur. Aka aiko masa da na'urar, ba wani abin a zo a gani ba ce: kofuna uku da ke juyawa in iska ta kaɗa, da kibiya mai nuna inda iskar ta fito, da ɗan akwati mai fuska kamar ta agogo da ke nuna lamba. Ana son fili marar gini, sai na ce a kafa a gonarmu ta gado da ke kan hanyar Danchuwa, inda Baffa, ƙanin mahaifina, yake zaune da awakinsa. Ni na nemo dogon bututun ƙarfe, ni na ja waya. Muka sanar da mai unguwa, muka karɓo takarda daga makaranta, don kada wani ya ga abu yana juyawa a kan ƙarfe ya ce ana yi wa 'yan bindigar daji ishara. Baffa ya daɗe yana kallon kofunan, sannan ya tambaya ko in an gama aunawa a mudu za a sayar ko a tiya. Da kaka aka kafa ta, wata shida abokina yana taka keke zuwa gonar nan sau biyu a rana.

Farkon bazara aka shiga layinsu da rana tsaka aka kashe maƙwabcinsa mai shagon magani. Ba zan tsawaita a nan ba, duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun ya san sauran. Kwana biyu bayan haka ya zuba matarsa da 'ya'yansa a mota za su Jos. Kafin su tashi ya zo gidana da littafin da yake rubuta awon, ya zauna a zaure. Ya ce saura wata shida, in aka daina aunawa yanzu aikin duka ya tashi a banza, kuma shi a duniya ba shi da wanda zai iya roƙo wannan sai ni. Ya ce amma duk ranar da na ga hanya ba lafiya kada in je, in bar gurbin ranar babu komai, malamansa sun san halin da ake ciki, giɓin kwana ɗaya ko biyu ba ya ɓata aiki. Na karɓi littafin da hannu biyu na ce ya tafi da kwanciyar rai, amana ce. Inna ta fito ta dafa kansa ta sa masa albarka da Karekaranci, yana hawaye.

Mako biyar na riƙe amanar nan yadda ya kamata. In fita da sassafe, in koma bayan la'asar, in duba lamba in duba kibiya in rubuta, ran Juma'a in tura masa ta waya, don a lokacin an dawo da sabis. A shinge sai ka sauka ka tura keken, wani lokaci a buɗe littafin a tambaye ka waɗannan lambobin na mene ne, ka fito da takarda kana bayani kana zufa. Ban ji ƙyashin wannan ba sai ranar da ya kira ni muryarsa cike da murna. Ya ce malamar da ke duba aikinsa ta ce ba ta taɓa samun awo irin wannan daga yankinmu ba, in ya kammala da kyau za ta tsaya masa ya je can ya yi digiri na uku. Ya ce Yaya, ƙaninka zai zama dakta. Na ce Allah ya sa alheri. Ina tsaye ne a lokacin a gindin ƙarfen nan, rana ta dafa ni, tayar kekena ta yi faci, kofunan suna ta juyawa a bisa kaina. Na ce a raina, wato kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ni na ga tallar, ni na fi shi maki, ni na warware masa lissafi, gonar ubana ce, ƙafata ce ke taka keke, a ƙarshe shi za a kira dakta ni in ci gaba da koya wa yara haɗa soket.

Zan so in ce tsoro ne ya hana ni komawa, kuma na yi shekaru ina gaya wa kaina haka. Ƙarya ne. Hanyar nan a watannin ko masu tallar nono suna bin ta kullum. Washegari dai ban je ba, na ce sai an liƙe taya. Da Juma'a ta zo na ga gurbi huɗu babu komai. Na tuna ya ce in bar su haka, amma sai na ji ba na son ya san na gaza ko da na kwana biyu ne. Na duba lambobin makon da ya wuce na rubuta masu kama da su. Ban ji komai ba, hasali ma wani daɗi na ji, irin na wanda ya gano gajeriyar hanya. Daga nan ban sake zuwa ba. Sai in zauna a zaure bayan la'asar da littafin a cinya, in dubi ganyen darbejiyar ƙofar gida, in ya motsa sosai in sa lamba babba, in ya yi lamo in sa ƙarama. Ina yi ina ce wa kaina ai iska ce, wa ya taɓa kama ta balle ya ce an tauye masa mudu? Can ƙasan zuciyata kuwa akwai wata murya da ke cewa bari mu ga yadda za a zama dakta a kan lambobin zaure. Wajen kibiya ban ma tsaya tunani ba. Damina ta sauka, kuma tun ina yaro na san hadari daga gabas yake tasowa. Sai na yi ta rubuta gabas, gabas, wani lokaci in ɗan sa arewa maso gabas don kada abin ya yi yawa.

Maiɗakina ce ta fara ganewa, don ita ke wanke kayana, ta ga wandona ya daina yin baƙin sarƙar keke. Ta tambaye ni ko iskar ce yanzu take zuwa har zaure a auna ta. Na ce mata ta tsaya a abin da ta sani. Ta ce abin da ta sani shi ne mutumin nan ya bar gidansa da kujerunsa bai ba kowa ajiya ba, littafi ɗaya tak ya ba ni. Na daka mata tsawa, daga ranar kuwa in ta ga na ɗauko littafin sai ta kwashe yara su shige ciki. Shi ma abokina sau ɗaya ya tambaye ni, cikin ladabi, ko na duba kibiyar ba ta maƙale ba. Maimakon in tambaye shi me ya gani, sai na hau shi da faɗa, na ce in bai yarda da ni ba hanya a buɗe take, ya zo ya auna abinsa. Ya yi ta ba ni haƙuri har na ji kunya, bai kuma sake tayar da maganar ba.

A tsakiyar damina aka yi wani tashin hankali a gari, aka sa dokar hana fita kwana uku, ko masallaci ba a zuwa. Ni da hannuna ya saba cike gurbi ban ma lura ba, na cike har da na kwanakin nan na tura. Sai ga abokina ya kira ni. Ya ce don Allah kada in sake, ba digirin da ya kai raina, in wani abu ya same ni me zai ce wa Inna? Ya ce matarsa tun da ta ji take kuka, sun sa ni a addu'a a cocinsu. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, ƙofa ce Allah ya wangale mini. Sai na ji bakina yana cewa ba komai, ai ta bayan gari na bi, amana ta fi ƙarfin doka. Na ajiye wayar na ga maiɗakina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu tana kallona.

Ana gab da fara cin sabon gero Baffa ya shigo gari ranar kasuwa, ya biyo ta gidana. Cikin hira yake ce mini ai ƙarfen abokina tun hadarin farko ya kwanta. Ya jira ni ban zo ba, shi kuwa ya ga kada ya lalace a banza sai ya tokare rumfar awaki da shi. Kofunan suna nan ya adana, ɗaya ne kawai yake ba kaji ruwa a ciki. Wato wata uku ke nan ina aika awon iska daga ƙarfen da ke riƙe da rumfar awaki. Na taya Baffa dariyar dole. Saura mako uku shekara ta cika, sai na rufe ido na ƙarasa.

Abokina ya haɗa kundinsa ya miƙa. Bayan kamar wata biyu, wata Talata ina cikin aji waya ta yi ƙara, na fito baranda. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce yana da tambaya ɗaya, kuma kada in duba littafi, daga kaina yake son amsa: iskar damina daga ina take zuwa? Na ce daga gabas mana, wannan ai ko yaro ya sani. Sai ya ce, "Hadari ne ke zuwa daga gabas, Yaya, shi ma na ɗan lokaci. Iskar da ke kaɗawa kullum da damina daga kudu maso yamma take zuwa. Da ka je ko sau ɗaya da kibiyar ta nuna maka." Daga nan ya gaya mini sauran ba tare da ya ɗaga murya ba. Tun farko ya ga lambobina sun saɓa wa littattafansa, amma tunda ni na auna, ni da na fita a kwanakin dokar nan, sai ya yanke cewa lallai akwai wani abu na daban a shimfiɗar ƙasarmu. Ya zauna ya rubuta babi guda a kan dalilin da ya sa iskar Potiskum ta bambanta da ta sauran wurare. Wannan babin ne ya ja hankalin masu jarraba kundin. Suka gwada da awon tauraron ɗan'adam, suka ga wata shidan farko da mako biyar sun dace daidai, sauran kuwa ba su yi kama da iskar ko'ina ba. Suka tuhume shi da ƙirƙirar alƙaluma, laifin da a wurinsu ya fi faɗuwa jarrabawa muni. Ya gwammace ya ƙaryata littafi da ya ƙaryata ni, ga abin da hakan ya jawo masa.

Ya ce sun ba shi mako uku ya kawo bayani. Bai roƙe ni komai ba, amma na san abin da ake bukata, takarda daga hannuna da sunana da wurin aikina, in ce ni na yi, shi bai sani ba. A ranar na rubuta ta. Turancina ya fi nasa, takardar ta yi kyau ƙwarai. Na ninke na sa a aljihu, ta yi kwana ashirin da shida tana yawo da ni. Yau in ce shagon intanet ba wuta, gobe in ce bari in gyara sakin layi na biyu. Gaskiyar ita ce ba na son a ajiye sunana a wata jami'ar Turai a matsayin maƙaryaci, ni da nake ganin ni ya kamata su ɗauka tun farko. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: wani ɓangare na zuciyata hutawa ya yi, tunda ba za a kira shi dakta ba. Maiɗakina ce ta tsinci takardar za ta yi wanki, ta karanta, ta ɗora ta a kan tabarmar sallata. Na je na tura a ranar. Amsa ta zo a layi uku, an riga an zauna, an yanke hukunci, an rufe maganar. An kore shi, an kuma rubuta dalilin a takardunsa. Daga baya na ji cewa a zaman da suka yi da shi ta intanet sun tambaye shi wa ya ci gaba da awon bayan ya bar gari. Ya ce wani ɗan'uwansa ne, amma ba zai ɗora masa laifin da bai amsa da bakinsa ba. Suka ce to ina bakin nasa? Babu takarda, babu shaida, sai suka ɗauka hanyar kuɓuta kawai yake nema.

Mako biyu bayan haka wani direba ya zo makaranta yana nemana da ƙunshi a hannu. Yana ta ba da haƙuri, wai tun wata uku da suka wuce aka ba shi saƙon a Jos, motarsa ta lalace, ya manta da shi a ƙarƙashin kujera. Kwafin kundin ne mai baƙin bango, wanda abokina ya buga mini tun ranar da ya miƙa, kafin komai ya fito fili. Na buɗe a ɗakin gwaji ni kaɗai. A shafi na uku, inda ake godiya, bayan Allah da iyayensa sai sunana cikakke. Duk littafin da Turanci yake, amma wannan layin da Hausa ya sa shi: "Ga Yayana, wanda ya fita ranar da ba mai fita." Na zauna a kan benci, ban san an kaɗa ƙararrawa ba sai da ɗalibai suka cika ƙofa.

Na je Jos daga baya na durƙusa a gabansa. Ya ɗaga ni ya ce ya yafe. Matarsa ta kawo abinci ta ajiye ba ta dube ni ba, ban kuma ga laifinta ba. Yanzu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, ranakun hutu yana kafa wa mutane sola. Ya daina neman karatu, don duk inda ya nema sai an tambayi abin da ya raba shi da na farko. Bai sake taka Potiskum ba ko da gari ya lafa, da Inna ta rasu ma saƙo ya aiko. Duk Sallah yana turo mini barka, bai taɓa fashi ba, sai dai Malam yake ce mini yanzu.

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, ni ma na sha faɗa. Yanzu ba na faɗa, don na ga gonar da tawa ta ƙone, har yau kuma ba ta tsiro ba. Abin da na koya shi ne ba ta zuwa da fuskar ƙiyayya. Tawa da wasa ta fara, da laƙabi da dariya a ofishin malamai, ban taɓa tashi da safe na ce yau zan cuce shi ba, gurbi huɗu kawai na cike. Don haka ina roƙon mai karatu, in wani naka ya ci gaba ka ji murnarka ta tsaya a baki ta ƙi sauka ƙirji, kada ka karɓi amanarsa. Ka ce ba za ka iya ba, ya ji haushinka na mako guda ya nemi wani. In kuwa ka riga ka karɓa ka gaza, bar gurbin babu komai, ka kuma faɗa da wuri tun maganarka tana da amfani. Ni na haura shekara arba'in a garin nan ina cika baki da ilimi ban san inda iskar damina take fitowa ba. Yanzu na sani. Ƙofar ɗakina kudu maso yamma take kallo, duk damina labulen yana tashi safe da yamma, daidai lokutan da ya kamata a ce ina gona. Nakan dubi agogo in ce ga ta nan ta zo, sai dai ba ni da wanda zan tura wa.